Mabaratan Jacques Callot: Nazarin Hotuna 25 da Aka Buga a Nancy

A tsakanin shekarar 1622 da 1623, a birnin Nancy na ƙasar Lorraine, wadda a wancan zamani take cin gashin kanta a ƙarƙashin sarkinta kafin daga baya Faransa ta haɗiye ta, wani mai zane mai suna Jacques Callot ya fitar da jerin hotuna 25 waɗanda babu kowa a cikinsu sai mabarata. Faransawa na kiran jerin Les Gueux. Kowane hoto bai fi tafin hannun babban mutum ba, kimanin santimita 14 a tsaye da 9 a kwance, kuma in ban da na farko, wanda shi ne bangon jerin, yawancinsu mutum ɗaya ne ko biyu a kan farar takarda: makaho da karensa, gurgu da sandunansa, tsohuwa da carbinta. An daɗe ana yabon waɗannan hotuna a matsayin shaidar tausayin mai zanen ga talakawa da naƙasassu, kuma yabon yana da madogara. Sai dai wanda ya duba yadda aka yi su, da irin dokokin da biranen Turai ke kafawa a kan bara a waɗannan shekaru, da hannayen da hotunan suka faɗa, zai ga cewa maganar ta fi haka tsawo, domin abin da Callot ya cire daga takardar ya yi aiki daidai da abin da ya zana a kanta.

An haifi Callot a Nancy wajen 1592, a gidan da ke kusa da fada, domin mahaifinsa ma'aikacin sarkin Lorraine ne mai kula da tambura da alamomin gidajen sarauta. A 1607 aka kai shi koyon sana'a wurin wani maƙerin zinariya da azurfa, daga nan ya wuce Roma inda ya koyi sassaƙa hoto a farantin jan ƙarfe a hannun Philippe Thomassin, sannan ya tafi Florence, inda daga 1614 ya shiga hidimar mai sarautar garin, Cosimo na Biyu na gidan Medici. Babban aikinsa a can shi ne adana shagulgulan fada a hoto, wato wasannin dawaki da jerin gwano da wasannin kwaikwayo. Da Cosimo ya rasu a 1621 aka rage kashe kuɗi a fada, Callot ya tattara littattafan zanensa ya koma gida, kuma masana da yawa na ganin cewa daga zane-zanen da ya yi a Italiya ne ya ɗauko mabaratan da ya buga a Nancy. Ya rasu a 1635 bai kai shekara 45 ba, ya bar hotuna fiye da 1,400. Abin riƙewa a nan shi ne cewa wanda ya zana mabaratan nan ɗan fada ne a sana'arsa, kuma masu hali ne ke sayen kayansa.

Hanyar da ya bi ita ce ta cin ƙarfe da asid. Ana shafe farantin jan ƙarfe da wani shafi wanda asid ba ya ci, sai mai zane ya ɗauki allura ya yi zanensa a kan shafin, duk inda allurar ta bi ƙarfen ya bayyana. Daga nan a zuba asid ya ci wuraren da aka buɗe, ya bar ramuka sirara. A wanke shafin, a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman farantin, a ɗora takarda mai danshi a bi da ita cikin injin matsi, sai hoton ya fito a juye, dama ta koma hagu. Kafin Callot, shafin da aka saba amfani da shi mai taushi ne, yakan ɓare asid ya kutsa inda ba a so, aikin makonni ya tashi a banza. Shi sai ya ari irin shafin da masu ƙera kayan kiɗa na tsirkiya ke shafa wa katako, wanda ake haɗawa da ƙaro da mai, mai bushewa da tauri. Ya kuma riƙa aiki da wata allura da aka yanke bakinta a karkace, ta yadda in ya ɗan murza ta tsakanin yatsunsa layi ɗaya zai fara siriri, ya yi kauri a tsakiya, ya sake sirancewa. Bayan haka yakan tsoma faranti a asid sau da dama, yana rufe wasu sassa bayan kowane tsomi, don abin da ke nesa ya fito a dushe, na kusa ya fito baƙi ƙirin. Faranti da aka yi ta wannan hanya yana ba da ɗaruruwan kwafi masu kyau, shi ya sa hotunan suka fi zanen fenti arha nesa ba kusa ba, suka kuma yi tafiya mai nisa cikin kayan 'yan kasuwa.

Da waɗannan dabaru ne a 1620 ya yi hoton kasuwar shekara-shekara ta Impruneta, kusa da Florence, inda ya cusa mutane fiye da dubu a faranti ɗaya, da dawakai da karnuka da rumfuna da coci, har sai an bi su da gilashin ƙara girma kafin a gama ganinsu. Saboda haka ba kasawa ce ta sa ya bar bayan mabaratansa fari fat ba. Mutumin da ya iya zana gari guda ya zaɓi kada ya zana ko da bangon da mabaracin zai jingina. Babu titi, babu ƙofar coci inda aka saba zaman bara, babu mai miƙa sadaka, babu dogarin da ke korar su. Abin da ke ƙarƙashin ƙafafunsu 'yan layuka ne na inuwa da ke nuna cewa a ƙasa suke. Babu kuma rubutun bayani: sunayen da ake kiran hotunan da su yau, irin su "makaho da karensa" ko "mai ƙafar katako", masu tsara kundin ayyukansa ne suka raɗa su daga baya, musamman Édouard Meaume a 1860 da Jules Lieure a shekarun 1920.

Da ya cire komai, sai ya zuba duk gwanintarsa a jiki da tsumma. Mabaratan sun cika takarda daga sama har ƙasa, girman da Callot ba ya yawan ba mutum ɗaya, kuma ya gina su ne da layuka masu bin juna a jere, masu kumbura da sirancewa, ba tare da yawan gitta su ba. Da irin wannan layi ake ganin nauyin bargon da ya rataya daga kafaɗa, da inda faci ya hau kan faci, da bakin riga da ya zare ya zama geza, da ƙafar da aka naɗe da ƙyalle a maimakon takalmi. Mai sandunan dogarawa, an nuna yadda kafaɗunsa suka ɗago sama saboda sanda ta tokare hammata, da yadda nauyin jikinsa ya koma gaba. Makaho kuwa, riƙon da ya yi wa sandarsa da yadda ya saita fuskarsa ba ta kallon komai su ne ke gaya wa mai kallo halin da yake ciki, ba wani rami baƙi da aka yi masa a gurbin ido ba. Waɗannan abubuwa sai wanda ya tsaya ya kalli mutane da kyau zai iya kama su. Kayan da suke ɗauke da su ma shaida ce ta yadda talaka ke rayuwa a lokacin: jakar ratayawa, ƙoƙon abinci, ɗan kaskon garwashi da ake riƙewa don jin ɗumi, da wani abin kiɗa mai tsirkiya da ake kaɗawa ta hanyar juya marfi da hannu, wanda a Turai ta wancan zamani aka san makafi da shi.

Idan aka jera hotunan a tebur, wani abu kuma yana fitowa wanda ba a gani a hoto ɗaya. Mutanen ba iri ɗaya ba ne. Akwai makafi da guragu da mace mai ido ɗaya, akwai tsofaffi da tsufa kawai ya durƙusar, akwai uwa da 'ya'ya uku manne da ita, akwai tsohuwa zaune da kyanwoyinta. Amma akwai kuma masu ziyarar ibada, da wani ƙaton mutum mai teɓa da ya sunkuyar da ido, da wani zaune yana cin abincinsa hankali kwance. Wannan jeri ya yi kama ƙwarai da rabon da hukumomin birane ke yi wa masu bara, tsakanin waɗanda suka cancanci sadaka, wato makaho da gurgu da tsoho da uwar marayu, da waɗanda ake zargi, wato mai lafiya da baƙo da mai fakewa da ziyara. Callot bai ce ga na kirki ga na banza ba. Ya dai miƙa wa mai saye katunan ya bar shi ya raba da kansa, kuma mai sayen ya riga ya san yadda ake rabon.

Hoton bango ne kawai ya yi magana. Wani dogon mutum ne cikin tsummoki, da malafa a ka, yana taku irin na hafsan soja, ɗauke da tuta a kafaɗa da aka rubuta Capitano de Baroni a kanta, wato kyaftin ɗin 'yan damfarar bara a Italiyancin lokacin, kuma can nesa a bayansa ga ayarin mabarata da aka zana ƙanana. Mai karatu Bahaushe, wanda ya san cewa a garuruwanmu akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, sarautu na gaske masu sasanta rigima da wakiltar jama'arsu a fada, zai iya ɗauka irin wannan shugaba ne aka zana. Ba shi ba ne. Kyaftin ɗin Callot shaguɓe ne, kuma ya fito ne daga wani zargi da ya yi ƙarfi a Turai, cewa mabarata wata runduna ce ta ɓoye, mai shugabanni da muƙamai da zaurancenta, wadda ta mai da yaudarar masu sadaka sana'a. Wanda ya buɗe jerin da wannan hoto, da wannan ido zai shiga sauran 24.

Zargin ya girmi hotunan Callot da fiye da shekara ɗari. Wajen 1510 aka buga wani ɗan littafi a Jamus mai suna Liber Vagatorum, wanda ya lissafa mabarata iri 28 da dabarun da aka ce kowanne ke yi, daga mai cusa sabulu a baki don ya yi kumfa a ce farfaɗiya ce, zuwa mai ɗaure ƙafa ya zauna a ƙofar coci, zuwa macen da ke cusa tsumma a riga a ce ciki ne. Martin Luther, jagoran Furotesta na Jamus, da kansa ya rubuta wa bugun 1528 gabatarwa, yana kira ga kowane gari ya san talakawansa ya kuma daina ba baƙin mabarata. Kafin wannan zamani, koyarwar coci ta fi karkata ga ɗaukar talaka a matsayin hanyar samun lada, wanda mai kuɗi ke bukata don ceton ransa. Amma da yawan jama'a ya ƙaru a ƙarni na 16, farashin hatsi ya tashi, ladan ƙwadago ya kasa bin sa, mutanen karkara suka kwararo birni, sai hukumomi, na Katolika da na Furotesta duka, suka fara karɓe rabon sadaka daga hannun ɗaiɗaikun mutane. Nuremberg ta yi sabuwar dokarta a 1522, Ypres a 1525, masani Juan Luis Vives ya rubuta wa birnin Bruges shawararsa ta tallafa wa talakawa a 1526, sannan a 1531 Sarki Charles na Biyar ya taƙaita bara a ƙasashensa na Holan da Beljiyam ta yau. Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina: a yi rajistar talakawan gari, a ba wanda ya cancanta tallafi daga asusu ɗaya, a tilasta wa mai lafiya aiki, a kori baƙo.

Mataki na gaba shi ne tsarewa. A Roma, Fafaroma Sixtus na Biyar ya buɗe gidan tara mabarata a 1587. Amsterdam ta buɗe gidan aikin tilas a 1596, inda maza ke goge katakon rini har ya zama gari. Florence kuwa, bayan yunwa da annobar zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa sun cika tituna da mabukata a 1620 da 1621, ta kafa nata gidan tsare mabarata a 1621, shekarar da Callot ya bar garin. Wannan haɗuwa ta lokaci ba ta tabbatar da niyyar mai zanen ba, amma tana nuna yanayin da hotunan suka shigo: a daidai lokacin da ake kwashe mabarata daga titi ake kulle su a bayan bango, a lokacin ne masu kuɗi suka fara manna hotunansu a kundin ajiya. A takarda mabaraci ba ya wari, ba ya bin mutum, ba ya yaɗa cuta, ba a kuma ba shi ko sisi.

Don a gane inda Callot ya bambanta da magabatansa, ya kamata a ajiye aikinsa kusa da wani hoto da gidan buga hotunan da Hieronymus Cock ya kafa a Antwerp ya fitar a rabin ƙarshe na ƙarni na 16, bisa wani zane da aka jingina wa mai zanen Holan Hieronymus Bosch. A takarda ɗaya an watsa naƙasassu 31, wasu na jan gindi, wasu na tafiya da 'yan katakai a hannu, wasu da dungulmin ƙafa a ɗaure a kan allo, an baza su yadda ake baza samfurin kaya. Baitocin da ke ƙasa na cewa masu son cin abinci daga jakar bara suna ɗingishi ta ɓangare biyu, suna guje wa miƙaƙƙiyar tafiya saboda kwaɗayin rabo mai maiƙo. A nan an ɗauki karkatar jiki an mai da ita alamar karkatar hali. Abin mamaki shi ne, a 2001 wasu likitoci na Leuven a Beljiyam sun bi mutanen hoton ɗaya bayan ɗaya, suka ga cewa yawancin naƙasun sun dace da cututtuka da raunukan da likitanci ya sani. A Turai ta lokacin dalilan rasa ƙafa ba su da wuyar samu: yaƙi, karayar da ba a ɗora da kyau ba, kuturta, da wata guba ta fumfuna da ke kama hatsin da talakawa ke yin burodi da shi, wadda ke tsuke jijiyoyin jini har yatsu da ƙafa su bushe su faɗi. Wato mai zanen ya kalli gaskiya, mai rubutun ya kira ta ƙarya, aka buga su a takarda ɗaya.

Callot bai rubuta irin waɗannan baitoci a ƙarƙashin kowa ba, bai kuma cunkusa mutane wuri ɗaya don a yi dariyar yawan nau'in naƙasa ba. Kowa ya samu takardarsa, ya tsaya da tsayinsa. A ganina nan ne ainihin abin yabon yake, kuma ana ƙara ganinsa idan aka dubi wani jerin nasa da ya fito kusan lokaci ɗaya, na wadanni da masu ƙusumbi. A can ya kumbura kai da ciki, ya gajarta ƙafafu, ya ba su takubba da kayan kiɗa suna tsalle-tsalle, domin fadar Medici tana ajiye wadanni don nishaɗi, kuma don dariya aka yi hotunan. Hannun da ya yi wancan shi ya yi wannan, a kusan shekara ɗaya, don kasuwa ɗaya. Saboda haka da wuya a ce Callot mai fafutukar kare naƙasassu ne, amma a fili yake cewa da ya zo kan mabarata ya ajiye zuguiguitawa ya zana abin da jiki ke yi idan ya dogara da sanda.

Rashin hukunci a takarda bai hana mai kallo yanke nasa ba, kuma misali mafi kyau yana wurin Rembrandt, shahararren mai zanen Holan. Yana saurayi a Leiden, wajen 1628 zuwa 1631, Rembrandt ya buga ƙananan hotunan mabarata masu yawa waɗanda tasirin Callot ya bayyana a cikinsu, kuma lissafin kayansa da aka yi a 1656 lokacin da bashi ya ci shi ya nuna yana da aikin Callot a ajiye. A ɗaya daga cikinsu, na wajen 1630, an ga mutum da ƙafar katako, amma ƙafarsa ta gaske tana nan, an lanƙwasa ta a gwiwa an ɗora gwiwar a kan katakon, sauran ƙafar ta leƙo ta baya. Wasu masu sharhi sun ce ga shaidar yaudara nan, tunda ƙafar ba a yanke take ba. Wasu kuma suka tuna cewa haka aka saba yi wa wanda ƙasan ƙafarsa ya shanye ko ya ruɓe ko aka yanke masa tafi, domin gwiwa na iya ɗaukar nauyin da miki ba zai ɗauka ba, kuma likitan fiɗa na Faransa Ambroise Paré tun a ƙarni na 16 ya zana ƙafar katako mai sauƙi wadda ya ce ta talakawa ce. Hoton bai raba gardamar ba. Wanda ya zo da zargi zai ga ɗan damfara, wanda ya san ciwo zai ga majinyaci. Rembrandt ya ƙara wani abu da Callot bai yi ba, domin a 1630 ya zana mabaraci zaune a kan tudu, baki buɗe, da fuskar da ta yi kama da tasa, sannan a 1648 ya dawo da abin da Callot ya cire: ƙofar gida, da dattijon da ya leƙo yana saka kuɗi a hannun wata mata mai goyo, tare da makaho da ƙaramin yaro.

Shi ma Callot ya dawo kan naƙasassu, amma sai da yaƙi ya iso ƙofarsa. Yaƙin Shekara Talatin, wanda ya fara a 1618 ya ƙare a 1648, ya mai da Lorraine hanyar wucewar sojojin haya, annoba ta biyo baya, kuma a 1633 sojojin Sarki Louis na 13 na Faransa suka karɓe Nancy. A wannan shekara abokinsa Israël Henriet ya buga masa a Paris jerin hotuna 18 kan masifun yaƙi. Jerin ya bi sojoji daga ɗaukarsu aiki, zuwa fagen daga, zuwa wawashe gidajen manoma da ƙona coci, zuwa hukuncin da ake yi musu, ciki har da sanannen hoton bishiyar da aka rataye mutane a rassanta. Hoto na 15 ya nuna farfajiyar asibiti, tsofaffin sojoji na nufar ƙofa, wasu da sanduna, wasu da ƙafar katako, wasu na jan jiki a ƙasa. Na 16 ya nuna su a titin ƙauye suna bara, wasu na mutuwa a gefen hanya, baitocin da ke ƙasa kuma na cewa idan yaƙi ya ƙare wahalar soja ke sake farawa, dole ya fita bara, manomi kuma ya yi masa dariya ya tsine masa, don ganinsa na tuna masa da abin da ya sha. A nan mai kallo ya san inda ƙafar ta tafi. Amma bayanin ya zo da nasa nauyin, domin waɗannan guragu su ne aka gani a hotunan baya suna yanka manoma, saboda haka naƙasarsu ta fito kamar sakayya. Inda Callot ya ba da dalili sai ya haɗa shi da laifi, inda kuma bai ɗora laifi a kan mutum ba sai ya hana mu dalilin.

Farar takardar nan ce kuma ta sa mabaratan suka yi sauƙin ɗauka. Tunda ba a ɗaure su da wani gari ko wani labari ba, kowane mai sana'a na iya cire mutum ɗaya ya dasa shi inda yake so. An yi ta kwafar jerin a Holan da Jamus da Italiya da Ingila, ɗaliban zane suka riƙa koyon zana tufafi da tsayuwa daga gare shi, masu zanen fenti suka riƙa cike kusurwar hotunansu da mabaratan aro. A ƙarni na 18 masassaƙa a Jamus sun mai da wasu daga cikinsu 'yan gumakan hauren giwa, har irinsu suka shiga taskar sarakunan Saxony a Dresden, wadannin wancan jerin nasa kuma suka koma kayan tangaran da gumakan lambu. Duk wanda zai yi amfani da irin waɗannan hotuna a matsayin shaidar tarihi dole ya yi hattara da wannan, domin mabaracin da aka gani a hoton wani birnin Jamus na 1700 mai yiwuwa ba a taɓa ganinsa a titin birnin ba, daga takardar Callot aka kwafo shi. Hotunan sun fi ba da amintaccen labari kan sanda da ɗauri da ƙafar katako, da kuma kan yadda masu hali ke son kallon talaka, fiye da kan ko su wane ne mutanen, ko me suke cewa game da kansu.

Bayan kusan shekara ɗari biyu an samu mai zanen da ya bi sawun Callot ya kuma tambayi mabaratan sunayensu. A 1817 John Thomas Smith, mai kula da hotunan bugu a gidan tarihin Birtaniya, ya fitar da Vagabondiana, hotunan mabaratan Landan da ya zana a titi, tare da bayanin wasunsu da wuraren da suke tsayawa. A cikinsu akwai Joseph Johnson, baƙar fata tsohon ma'aikacin jirgin ruwa wanda rauni ya hana shi aiki, yana yawo da sanduna, da ɗan samfurin jirgin ruwa a kan hularsa wanda yake kaɗawa da kai yana waƙa. Littafin ya fito ne jim kaɗan bayan kwamitin majalisar dokokin Ingila ya yi zaman bincike kan bara a Landan a 1815 da 1816, kuma a 1818 aka kafa ƙungiyar hana bara a birnin, mai jami'anta da ke kama mabarata suna miƙa su gaban alƙali.